Alhajin Ƙarƙashin Gado

Duk wanda ya zauna a tsohon Zongon Lome kafin a rushe shi, in bai san Malam Jumare da suna ba, to ya taɓa zama a kan aikin hannunsa. Ƙafafun kujerun da ke zaurukan masu gida, da ƙafafun gadajen da ake kai amare da su, da taɓaren da ke hana unguwa barcin safe, rabinsu daga rumfarsa suka fito.

Bagobiri ne daga wajen Tibiri, gajere, da tsage tun daga gefen baki har kunne. Gidansu masassaƙa ne, masu turmi da akushi. Ya zo Lome yana saurayi a rakiyar shanu, da niyyar komawa gida bayan salla, sai dai bai faɗi wace sallar ba. A wurin wani tsohon kafinta ɗan ƙabilar Mina da ke unguwar Bè ya ga abin da suke kira tur, ya tsaya kallo, kallon da ya ci masa rayuwa gaba ɗaya.

Tur ɗin ba wani abin mamaki ba ne. Turaku biyu ne da tsinin ƙarfe a jikin kowanne. A maƙale itace a tsakaninsu, a naɗa masa igiya, mutum ɗaya ya riƙa ja yana saki, itacen na juyawa, ɗayan kuma ya kafa kurfi yana aske shi har ya fito sumul. Aikin mutum biyu ne, kuma mutum na biyun a rumfar Jumare matarsa ce, Ajaratu.

Bayarabiya ce haihuwar Zongo, doguwa, mai murya kamar ta ladan. Kowa ya san wasan da ke tsakanin Gobirawa da Yarbawa, to su nasu da shi suke kwana, da shi suke tashi. Allah ya ba su haihuwa bai bar musu ko ɗaya ba, sai suka ci gaba da renon juna da tsokana. Ita ce ta san numfashinsa. Kafin ya ce a sassauta ta sassauta, kafin ya ce a ƙara ta ƙara. In wata ta yi mata jajen cewa jan igiya ba aikin mace ba ne, sai ta ce, "To wa zan bar wa? Mutumin da aka zana wa fuska don kada ya ɓata a kasuwa, in na sake shi ai ƙafar gado zai yi mai kama da rogo."

Shi kuma ba ya ɗaga kai daga aikin. "Ja igiya, Iya. Baki bai taɓa murza itace ba."

Abu ɗaya take masa gori a kai da gaske. Tun da aka kawo ta gidansa a kwanon sha da tasar kasuwa take cin abinci, matar masassaƙi guda. Ya yi mata alkawarin akushi tun suna da sauran baƙin gashi, akushin da ba na sayarwa ba, amma kullum sai ya ce bai ga itacen ba tukuna.

Ya gan shi wata rana a tasha. Wani direba ɗan ƙabilar Kotokoli mai suna Tchakoura, wanda ke ɗauko katako daga dazukan wajen Kpalimé, yana da wani gungume da yake tokare motarsa da shi in taya ta fashe. Girmansa ya kai na turmi, kansa a rabe biyu kamar wando. Jumare ya durƙusa ya kankare gefensa da wuƙa, ya tofa yawu ya shafa, ya daɗe bai tashi ba. Ya ba Tchakoura kujeru biyu ya karɓi gungumen, Tchakoura kuwa ya tafi yana ba da labarin yadda ya cuci Bahaushe.

Itacen ba shi da suna da Hausa. Kafintocin Bè suna ce masa nuwaye, mutanen Gana kuma wolnot. Launinsa kamar zuma mai duhu, da baƙin zare-zare a ciki. Amma ba irin itacen kaɗai ya durƙusar da Jumare ba, gurbin da aka yanko shi ne, wato mararraba, daidai inda gangar itace ke rabuwa ta zama manyan rassa biyu. Yadda ya bayyana mini, a nan jijiyoyin itace ke cunkushewa, na wannan reshe na ture na wancan shekara da shekaru, har su bar zane a ciki kamar jelar zakara ko harshen wuta. Masu zarto ba sa son wurin don yana dakushe haƙori. Mata masu itacen girki ba sa so don gatari ba ya faskara shi. Saboda haka a daji ake yar da shi. Amma in mai tur ya rarake shi ya yi akushi, zanen nan zai kwanta a tsakiyar gindinsa, in ka juya shi a haske sai ka rantse motsi yake.

Sai dai abin da ya ba shi kyau shi ne ajalinsa. Da yake jijiyoyin kowanne da inda ya nufa, in ya bushe da gaggawa kowane ɓangare zai ja nasa, ya tsage har zuci. Dole ya bushe a hankali, cikin duhu, ba rana ba iska, kamar ba ya so.

Don haka Jumare ya narka kakin zuma da man kaɗe ya toshe duk inda aka yanka. Ya sa shi cikin buhu, ya cika da garin katako, ya naɗe da tsohon farin zane, ya tura ƙarƙashin gadonsu. Ajaratu ta tsaya riƙe da ƙugu tana kallo.

"Wannan baƙon har yaushe zai zauna?"

"Har ya nuna."

"Mangwaro ne?"

"Ya fi mangwaro. Akushinki ne."

"Farin kaya, ga shafa mai, ga kwanciya a inuwa ba aikin fari ba na baƙi. Ai wannan Alhaji ne."

Sunan ya bi shi. Cikin wata guda duk layin sun san akwai Alhaji a ƙarƙashin gadon Jumare. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ya jawo shi, ya kwance, ya sauya garin katakon in ya yi danshi, ya ƙara mai a inda kakin ya tsattsage. Ya ɗaga shi ya ji nauyi, ya ƙwanƙwasa da gaɓar yatsa ya kara kunne. Daga nan ya mayar. Ajaratu daga bakin murhu za ta ce, "Me Alhaji ya ce?" Ya ce, "Ya ce a gaishe ki, a ƙara haƙuri."

Mutum na uku a wannan wasa shi ne Issifou mai kilishi, maƙwabcinsu kuma aminin Jumare, wani ƙato mai taushin zuciya da ke kuka in an yi wa'azin mutuwa. Shi abin da ya gani a jikin Alhaji daban ne. Itacen da gatari ba ya faskarawa, ai ba abin da ya fi shi daɗin saran ƙashi.

"Jumare, ka ba ni shi in ɗora haƙarƙari a kai. Ko banza ya ci nama kafin ya mutu."

"Ranar da ka ɗora wuƙa a kan Alhaji, ranar zan shanya ka da kaina, in barbaɗa maka yaji."

"Wace tabarmar za ta ɗauke ni?"

Haka shekaru suka yi ta wucewa. Zamanin jam'iyya ɗaya ne, lokacin da in ka ga mutum biyu na magana ƙasa-ƙasa to ko gulma ce ko siyasa, kuma gulmar ta fi aminci. Akan rufe kasuwa a jera mutane a bakin titi su yi tafi, a raba musu 'yan tutoci. Sandunan tutocin nan Jumare ya murza su ba adadi, Ajaratu na jan igiya tana rera waƙar Yarbanci da ba wanda ya nemi fassararta. Yakan ce shi kaɗai ne a Zongo tafi ya yi wa rana. Gashinsa ya yi fari, idonsa ya fara neman haske kafin ya ga layin da ya zana. Kafaɗar Ajaratu ta fara ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Alhaji kuwa yana ta rage nauyi kaɗan-kaɗan, muryarsa na washewa. Wata Juma'a, da aka yi tambayar da aka saba, sai amsar ta sauya.

"Ya ce baɗi war haka."

Ajaratu ta ajiye muciya. "Ka tabbata, ko kunnenka ne ya tsufa?"

"Baɗi, in muna da rai."

A ranar ta je kasuwar Assigamé ta sayo faifai sabo mai ja da kore, wanda za a riƙa rufe akushin da shi, ta rataye a bango.

Ba a kai baɗin ba. Shekarar 1977 ce. An daɗe ana cewa za a tashi Zongo daga tsakiyar gari, har maganar ta zama kamar ta tashin kiyama, kowa ya yarda da ita ba wanda ya ɗaure kaya. Sai ga ta ta zo. Aka ce an ba mu wuri can arewa da gari, a hanyar Tsévié. Ba wanda ya tambayi dalili da ƙarfi, don zamanin ba na tambaya ba ne. Mutane suka shiga ɓalle kwanon rufi da ƙofofi, ana lodawa a duk motar da aka samu, katafila na tsaye a bakin layi.

Jumare bai bar kowa ya taɓa Alhaji ba. Shi ya rungume shi ya hau bayan mota, ya zauna da shi a cinya kamar mai kai jinjiri asibiti. Tur ɗin aka kwance, turakun suka hau wata mota, tsinin ƙarfen suka shiga buhun wani, har yau ba a san na wa ba. A hanya ruwa ya sauko. Ajaratu ta cire mayafinta ta lulluɓe buhun, ita ta zauna a cikin ruwan.

"Iya, rufe kanki."

"Ni na riga na nuna. Shi ne da saura."

Sabon wurin fili ne, ciyawa da taɓo da sauro. Babu bango, babu bishiyar kirki. Kowa ya kafa 'yan sanduna ya jingina kwano ya shige. Kafin mako ya zagayo tari ya kama Ajaratu, da zazzaɓin da ya sa ta fara kiran sunayen 'ya'yanta da suka rasu. Dole a koma da ita gari a kwantar. Jumare ya tsaya tsakanin matarsa da buhunsa yana duban wannan yana duban wancan, abin tausayi abin dariya. Ba a shiga asibiti da gungume. Ya ɗauke shi ya kai rumfar Issifou.

"Ga amana. Kada ka bari wani abu ya same shi."

Issifou ya dafa ƙirji. "Sai dai ya same ni."

Jumare bai ƙara komai ba. Yana ganin wanda ya shekara da shekaru yana kallon hidimar Alhaji ai ya san dalilinta. Ashe Issifou bai sani ba. Ya ga ana shafa mai, ya ga ana naɗewa, amma duk a wasa ya ɗauke su, irin shagwaɓar da marasa ɗa kan yi wa kyanwa.

Da ya kwance buhun don ya duba amanarsa, sai ya tarar garin katakon ya sha ruwa ya cure, wari na tashi, wani fari-fari ya fara fitowa a jikin kakin. Hankalinsa ya tashi. Shi a sana'arsa abu ɗaya ya sani tun yana yaro: danshi ne ke kashe kaya, rana ce ke ceton su. Naman da ya kwana da laima ya tafi, wanda ya sha rana ya shekara. Ya ɗauko wuƙar fiɗa, wadda aka ce kada ya kuskura ya ɗora, ya kankare kakin nan tas cikin ladabi. Ya wanke itacen da sabulu da soso. Ya shimfiɗa kwanon rufi mafi kyau da yake da shi, ya ɗora Alhaji a kai a tsakiyar fili. Allah kuma ya ɗauke ruwan, rana ta buɗe irin wadda masu kilishi ke roƙo. Issifou ya bar nasa aikin ya zauna gadi, yana juya shi gefe-gefe don kowane ɓangare ya samu rabonsa, yana korar awaki.

Waɗanda ke kusa sun ce ƙarar tsagewar itacen ta yi kamar an harba bindiga, har mata suka leƙo. Bayanta wasu ƙanana suka biyo, ɗaya bayan ɗaya. Issifou ya ɗauke shi da gudu ya kai inuwa, ya zuba masa ruwa, ya lulluɓe shi da rigarsa. Ya shafa masa kitse. Ya ɗaure shi da igiya tamau ko bakin zai haɗe.

Ina wurin ranar da Jumare ya dawo da Ajaratu, ta rame har zoben hannunta na zamewa. Issifou ya tare su tun daga bakin hanya, ya durƙusa a taɓo da girmansa. Jumare ya dube shi, ya wuce rumfar, ya kwance igiyar. Itacen ya buɗe a hannunsa gida biyu, tun daga tsakiyar mararrabar har gindi, kowane rabi kuma da tsaga kamar tafin ƙafar manomi.

Ya tofa yawu a fuskar tsagar ya shafa da babban yatsa, kamar ranar farko. Zanen na nan. Ya fi yadda ya faɗa. Wani irin gashi ne mai ruwan zuma da baƙi, ya tashi daga ƙasa ya baje hagu da dama, yana walƙiya in an karkata shi, tsagar kuma ta bi ta tsakiyarsa daidai, kamar da gangan. Ya miƙa wa Ajaratu rabi. Ta daɗe tana juya shi a haske.

"Ashe ba ƙarya kake ba, Bagobiri."

"Na taɓa yi miki ƙarya?"

"Kullum. Ban da wannan."

Issifou, da ya biyo su ya sake durƙusawa a bayansu, ya ce, "Jumare, ka zage ni. Don girman Allah ka zage ni ko na samu sauƙi."

"Me zan ce maka? Ka shanya shi da kyau. Ko kilishin sarki bai samu wannan gata ba." Sannan ya ce, "Tashi, gwiwarka za ta yi sanyi."

Bai ƙara tayar da maganar ba, kuma da ya yi faɗa da ya fi mana sauƙi. Mutane suka yi ta ba shi baki. Wani ya ce a nemo Tchakoura ya kawo wani gungumen. Jumare ya ce to, a kawo, sai a nemo kuma wanda zai ara masa shekarun da zai jira shi, da idon da zai gani, da kafaɗar da za ta ja igiya. Tur ɗin ma bai sake kafa shi ba. Wani maƙeri ya ce zai ƙera masa sabon tsini, ya yi godiya, bai je karɓa ba. Masu sayen ƙafar gado suna can gari, mu muna nan, kuɗin mota ya fi ribar. Ya koma zama a bakin hanya yana sa wa fartanya ƙota.

Abu ɗaya ya fitar daga jikin Alhaji. Ya zaɓi wani yanki tsakanin tsaga biyu, faɗinsa bai fi yatsu uku ba, ya sassaƙa cokali da wuƙa, ya goge da ganye mai kaushi har ya yi santsi. A cikin kwarmin cokalin akwai ɗan guntun zanen, kamar gashi ɗaya da ya faɗo daga jelar zakara. Lokacin Ajaratu ba ta iya cin komai sai koko. Ya kawo mata a kwanon shan nan nata na kullum, da cokalin a ciki.

Ta ɗaga shi ta duba gaba da baya. "Shekara nawa ina jan igiya, a sallame ni da cokali. Gobirawa ba ku da kunya."

"Sha, Iya, kafin ya huce."

"Faifan fa? Me zan rufe da shi?"

"Ki rufe bakinki da shi."

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Da cokalin ta sha koko har ƙarshe, kuma ba ta ga wata daminar ba. Faifan yana rataye a jikin kwanon ɗakin, ja da korensa suka koɗe, bai taɓa rufe komai ba.

Jumare ya rayu bayanta 'yan shekaru, in za a kira wannan rayuwa. Ya daina tsokanar kowa. Ko Yarbawan unguwa da suka riƙa zuwa takanas suna zagin tsagensa don su ji ya rama, sai ya ce musu sannunku da zuwa. Cokalin yana aljihun rigarsa, ba ya ci da shi, ba ya nuna wa kowa. Da ya rasu, masu wanka suka same shi, aka rasa wanda za a ba, sai liman ya miƙa wa Issifou.

Ragowar gungumen ma tana wurinsa. Tun a makon da abin ya faru Jumare ya ce masa ya ɗauka ya sari ƙashinsa, tunda ya daɗe yana so. Issifou bai taɓa ɗora ko tsoka a kai ba. Ya haɗa rabi biyun, ya sa a buhu da garin katako, ya naɗe da farin zane, ya tura ƙarƙashin gadonsa. Yanzu ya tsufa ƙwarai, 'ya'yansa ke yin kilishin. Amma duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ya jawo shi, ya kwance, ya bi tsagar nan da man kaɗe a hankali, ya ƙwanƙwasa, ya kara kunne. Na taɓa tambayarsa me Alhaji ya ce.

Ya ce, "Ba ya magana da ni."